Kwatano: an gyara bakin teku domin baƙi, wa zai tsare yaran unguwa?

A duk yammacin Lahadi, musamman cikin dogon hutun 'yan makaranta da ke kamawa daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Satumba, hanyar da ta nufi Fidjrossè ta gefen filin jirgin saman Cadjèhoun kan cika maƙil. 'Yan zemijan masu riguna ruwan ɗorawa na ta sauke iyalai: uwa da goyo a baya, yaro a gaban direba, ledar abinci a hannu. Cikinsu akwai mutanen Zongo, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar Kwatano, da na Zogbo da ke arewacin birnin, kusa da tafkin Nokoué. Washegarin Sallah kuwa ba a magana, domin yawon Sallar yaran Kwatano bakin teku ne, kamar yadda na yaran Kano gidan zoo ne.

Abin da attajiran Turai ke biyan kuɗin jirgi su kai 'ya'yansu nema a tsibiran Zanzibar ko Mauritius, wato rairayi mai laushi da inuwar kwakwa da iskar teku, ga shi nan a ƙofar gidan ɗan Zongo, kuma kyauta. Ita kanta Kwatano kusan tsibiri ce: siririyar ƙasa ce mai yashi da ta maƙale tsakanin tekun Atlantika a kudu da tafkin Nokoué a arewa, ga kuma mashigin ruwan da Faransawa suka haƙa a 1885 ya raba ta gida biyu. Sai dai waɗancan tsibirai suna sayar wa iyayen ƙananan yara abin da Kwatano ba ta da shi: ruwa kwantacce marar zurfi wanda duwatsun cikin teku suka kare daga igiya, da kuma ma'aikacin da ba shi da wani aiki sai zuba wa yara ido. Tekun Kwatano mai ƙarfi ne, ya kuma yi suna wajen jan mutane. Duk gyaran da aka yi wa bakinsa cikin 'yan shekarun nan, wannan ɓangaren ne aka bari a baya.

Abin da aka gina

Tun da shugaba Patrice Talon ya ƙaddamar da shirin Bénin Révélé a watan Disamban 2016, yawon buɗe ido ya zama ɗaya daga cikin manyan dogaron gwamnatinsa. An soma shimfiɗa kwalta a Route des Pêches, hanyar masuntan nan mai tsawon kimanin kilomita 40 da ta bi gaɓar teku daga Kwatano zuwa Ouidah, an kuma dasa kwakwa a gefenta. Ranar 30 ga Yulin 2022 aka buɗe mutum-mutumin Amazone mai tsawon mita 30. Katafaren otal ɗin Sofitel ya soma karɓar baƙi a 2024, kuma a Janairun wannan shekarar aka fara bukin Vodun Days a Ouidah. A Avlékété an ware fili domin ƙauyen shaƙatawa na kamfanin Club Med.

Adalci ne a ce talaka ya samu rabonsa cikin wannan aiki. Filin Amazone ba a biyan ko dala kafin a shiga, yana da fitilu da faɗi, babu mota a cikinsa, don haka yaro ɗan shekara uku na iya gudu son ransa ba tare da zuciyar uwarsa ta tsinke ba. Uban da ya san tarihi kuma ya samu ƙofar hira: sojojin matan masarautar Dahomey da mutum-mutumin ke tunawa da su ba baƙon labari ba ne ga wanda ya tashi da jin sunan Sarauniya Amina ta Zazzau, ko Sarauniya Mangu da ta tunkari sojojin Faransa a Lugu a 1899. Kusa da nan akwai katangar tashar jiragen ruwa da masu zane suka ƙawata da hotuna masu launi, a shataletalen filin jirgi kuma ga Bio Guéra, jarumin Borgu, bisa dokinsa. Lokacin da aka baje kayayyakin tarihi 26 da Faransa ta maido a Nuwamban 2021, a fadar shugaban ƙasa aka yi, kyauta, kuma 'yan makaranta sun yi ta layi aji-aji. Gidauniyar Zinsou, wadda aka kafa a 2005, ta daɗe tana buɗe wa yara ƙananan ɗakunan karatu da azuzuwan zane ba tare da karɓar kuɗi ba, sai dai iyaye da yawa a unguwannin Hausawa na ganin irin waɗannan wurare na 'ya'yan 'yan boko ne, alhali babu mai tambayar takardar kowa a bakin ƙofa. Ko a Fidjrossè ma, babban abin kallon yaro ƙarami sau da yawa jirgin saman da ke wucewa ƙasa-ƙasa ne, da masuntan da ke jan koma da igiya suna waƙa.

Amma gyaran ya ci wasu. A watan Disamban 2023 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan mutanen da aka tasa daga gidajensu domin ayyukan yawon buɗe ido da ƙawata gaɓar teku, inda ta ambaci Fiyégnon 1 da Xwlacodji a Kwatano, da Avlékété da Djègbadji a yankin Ouidah, ta kuma ce aƙalla mutum 6,000 abin ya shafa. Galibinsu iyalan masunta ne. Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa wannan da hutun yaran Zogbo. Masunta su ne suka san halin wannan ruwa, su suka san inda yake ja da lokacin da yake hucewa, kuma su ake kwaɗa wa kira idan teku ya ɗauki mutum. Duk inda aka matsar da su nesa da gaɓa, an rage idanun da ke gadin wurin ba da albashi ba, daidai lokacin da sabuwar kwalta ke ƙara kawo jama'a.

Yadda teku ke ɗaukar yaro

Iyaye da yawa a Zongo da Zogbo asalinsu daga arewa ne, daga Maraɗi da Damagaram da Sakkwato, ko Kandi da Djougou da Malanville. Ruwan da suka sani tun suna yara gulbi ne da tafki da kududdufin damina, ruwan da zurfinsa ke ƙaruwa a hankali, wanda idan yaro ya tsaya a baki-baki ana cewa yana cikin aminci. Wannan sanin ne ke yaudararsu a bakin teku.

Gaɓar Kwatano mai gangara ce. Raƙuman ruwa na tasowa daga can nesa a kudancin Atlantika, babu wani tsibiri ko dutse da ke rage musu ƙarfi, sai su zo su fashe daf da baki. Ruwan da ya hau rairayi dole ya koma, kuma komawar ce ke kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum. Babba na iya tangaɗi ya tsaya. Yaro ɗan shekara huɗu da ruwa bai wuce gwiwarsa ba faɗuwa yake yi, kafin ya miƙe wata igiyar ta iso. Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. A wasu wurare ruwan da ya taru a baki kan tattaru ya koma cikin teku ta wata siririyar hanya, da gudu kamar na kogi. Wurin yakan yi duhu-duhu, babu farin kumfa, babu igiya mai fashewa, don haka shi ne ya fi kama da wurin da ya dace a bar yara su yi wasa. Masu iyo ma idan suka ce za su yi kokawa da shi su koma baki kai tsaye, gajiya ke kayar da su. Dabarar ita ce mutum ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikin hanyar.

Sai batun lokaci, wanda ba a cika lura da shi ba. Tekun yankin nan ya fi tashi daga wajajen Mayu zuwa Satumba, lokacin da ake hunturu da guguwa a kudancin duniya. Wato dogon hutun 'yan makaranta ya faɗo daidai kan watannin da ruwan ya fi fushi. A waɗannan shekarun kuma Babbar Sallah ta shigo cikin wannan zango, kamar yadda aka yi ta a watan Yuni a 2024 da 2025. Iskar Agusta mai sanyi ce, rana ba ta da zafi, komai na kiran mutum ya fito da iyali.

A Disamban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta kan nutsewa a ruwa, inda ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka mutu ta wannan hanya a 2021. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce a kan gaba. Masana harkar ceto na yawan nanata abu guda da ya saɓa wa abin da ake gani a finafinai: yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, domin duk ƙarfinsa ya tafi wajen neman numfashi. Cikin ɗan lokacin da uwa za ta juya ta amsa waya ko ta raba wa sauran yara abinci, an gama.

A nan al'adar gida ta shigo. Cikin Hausawa, ɗaukar ƙani aikin yaya ne. Yarinya 'yar shekara goma ita ake damƙa wa ƙannenta biyu, manya na zaune kan tabarma can nesa da ruwa suna hira. A tsakar gida wannan tsari ba shi da laifi, shi ya rene kowa. A bakin teku an ɗora wa yarinyar nauyin da ita kanta ba ta da ƙarfin ɗauka, domin mai yiwuwa ba ta iya ruwa ba, kuma idan ƙanin ya tafi binsa za ta yi. Dogon hijabi da zane idan suka jiƙe nauyi suke ƙarawa, suna kuma naɗe ƙafa. Uwar da ta fi kowa sa ido a kan yaron ita ce kuma kunya da sutura suka fi nisantawa daga ruwan.

Mutanen Zogbo ma ba sai sun je Fidjrossè ba kafin su haɗu da ruwa. Unguwar na cikin sassan birnin da ke ƙasa-ƙasa, inda damina kan cika tituna da tsakar gidaje, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010 ba su manta ba. Manyan magudanan da ake ginawa ƙarƙashin shirin tsabtace ruwan sama na Kwatano sun rage kwanciyar ruwa a wurare da dama, amma magudana cike da ruwa mai gudu ita ma abin tsoro ce ga ɗan tatata. Koya wa yaron Kwatano ruwa ya wuce maganar shaƙatawa.

Tsibirin da ke bayan gida

Ruwan da ya dace da ƙaramin yaro yana nan, amma ta bayan gari. Daga Zogbo, motar tokpa-tokpa na kai mutum Abomey-Calavi, daga tashar kwale-kwalen can kuma tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce zuwa Ganvié, garin da aka gina bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokoué. Kabilar Tofinu ce ta kafa shi ƙarnuka da suka wuce domin tsere wa masu farautar bayi, kuma yana cikin jerin wuraren da Benin ta miƙa wa UNESCO tun 1996. Ga yaro, babu littafin da ya kai wannan tafiya: kasuwa a cikin kwale-kwale, makaranta da coci da masallaci a kan ruwa, shingayen rassan itace da ake kira akadja inda kifi ke taruwa ya yi ƙiba, tsuntsaye farare na bin masu jefa birgi. Abin da ya fi ɗaure wa ɗan birni kai shi ne ganin tsaransa na tuƙa kwale-kwale shi kaɗai zuwa aike.

Tafiyar safe ta fi, kafin iska ta tashi da rana ta take, a kuma dawo kafin magariba saboda sauro. Tafkin ba shi da zurfi sosai, amma ya fi ƙarfin yaro, kuma ruwansa ba na sha ba ne ko wanka. Abin da ya kamata uba ya tambaya kafin ya biya kuɗin jirgi shi ne rigar ceto daidai jikin ɗansa. Rigar babba idan aka sa wa ɗan shekara huɗu, da ya faɗa ruwa za ta haye sama ta bar shi a ƙasa. Gwamnati na da shirin sabunta Ganvié da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD. Cikin manyan kuɗaɗen da ake kashewa, tilasta wa kowane jirgin haya ajiye rigunan yara ƙaramin abu ne, kuma shi iyaye za su fi gani.

Ta bayan Route des Pêches kuma akwai wani siririn tafkin da itatuwan ruwan gishiri suka lulluɓe, inda 'yan kasuwa suka buɗe wuraren hutu da ake isa da kwale-kwale, da lilo da ruwa kwantacce. Su ne suka fi kama da hutun tsibirin da ake tallatawa a intanet. Matsalar kuɗi ce. Mafi ƙarancin albashi a Benin jika 52 ne a wata tun daga Janairun 2023, kuma magidancin da ke da yara huɗu ko biyar, ga kuɗin makaranta na jiransa a Satumba, ba zai tsaya lissafin kuɗin shiga da na abinci kan kowane kai ba. Haka wuraren ninƙaya na otal-otal. Sai abin ya rabu gida biyu: ruwa mai aminci na mai kuɗi, ruwa mai haɗari na kowa. Wanda ke da hali na iya zarcewa Grand-Popo, kusa da iyakar Togo, ya nuna wa yara Bouche du Roy inda kogin Mono ke shiga teku, ko ya dace da ranar da masu kare kunkurun teku ke sakin 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe.

Akwai kuma baƙin da aka saba gani a irin wannan lokaci waɗanda suka ragu. Shekara da shekaru, dogon hutu lokacin zumunci ne: yara daga Yamai da Dosso da Maraɗi kan zo wurin kawu ko gwaggo a Kwatano, su ga teku karon farko. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, hukumomin Yamai sun bar nasu a rufe. Masu tafiya sai suka koma tsallaka kogin Kwara da kwale-kwale, da kaya da goyo. Yaron da aka kawo hutu ta wannan hanya ya riga ya haye ruwa mai haɗari sau ɗaya kafin ya iso teku, kuma shi ne ya fi kowa ɗokin shiga, shi ne kuma ya fi kowa rashin sanin halinsa.

Wasu sun gwada

Zanzibar da ake kwatance da ita ta taɓa zama cikin irin wannan hali: baƙi na iyo a gaban otal, 'yan ƙasa, musamman mata, ba su iya ruwa ba. Bayan kifewar jiragen fasinja biyu a 2011 da 2012 da suka ci ɗaruruwan rayuka, wata ƙungiya a garin Nungwi mai suna Panje Project ta shiga koya wa yara iyo. Al'ummar Musulmi ce, don haka aka horar da malamai mata, aka samar wa 'yan mata rigunan iyo masu rufe jiki, aka kuma nemi amincewar iyaye da shugabannin al'umma kafin a soma. Wannan darasi ya fi kowane dacewa da Zongo. A Bangladesh, inda nutsewa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, an ɗauki hanya biyu masu arha: wuraren reno na unguwa da ke riƙe yara a sa'o'in da iyaye mata ke cikin aiki, da dandamalin gora da ake kafawa cikin tafki domin koyon iyo. Bincike ya nuna wuraren renon sun rage haɗarin da sama da kashi 80 cikin 100. A Dakar kuwa, hukumomi kan bayyana gaɓoɓin da aka yarda a yi wanka da waɗanda aka haramta, su kuma girke masu ceto a lokacin hutu.

 Abin da ke wuyan hukumar birnin Kwatano da ma'aikatar yawon buɗe ido shi ne su keɓe 'yan wurare a Fidjrossè da Togbin inda za a samu mai ceto kullum a watannin hutu, da tuta mai launi da ke nuna halin ruwa, da allon gargaɗi mai zane wanda uwar da ba ta karanta Faransanci za ta gane. Tsawon gaɓar ya fi ƙarfin 'yan kwana-kwana su kaɗai, kuma masuntan da aka tasa daga gidajensu su ne mutanen da suka fi cancanta a horar a kuma biya su wannan aiki. Iyalai na kuma bukatar makewayi da inuwa da wurin da za a shimfiɗa darduma nesa da mashaya da kiɗa, domin rashinsu ne ke tura wasu can inda babu kowa, inda kuma babu mai jin kira.

Unguwa ma na da nata kason. Makarantun Faransanci da Larabci da na Islamiyya da ke Zongo da Zogbo na tara ɗaruruwan yara a lokacin hutu, kuma limamin da ya ware minti biyar na huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah ya yi bayanin wurin nan mai duhu marar kumfa zai isa kunnuwan da gidan rediyo ba ya isa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa tun 2021, ranar kuwa tana faɗowa tsakiyar hutun Benin. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar da ke iya haɗa kuɗin gina masallaci na iya hayar wurin ninƙaya na safiya biyu a mako, da malama mace domin 'yan mata.

Kafin a kai ga haka, iyalin da za su fita ranar Lahadi na iya naɗa babba guda ɗaya wanda zai ajiye waya, ya tsaya inda hannunsa zai kai ga yaron, a kuma riƙa karɓarsa bayan ɗan lokaci domin ido na gajiya. Yara 'yan ƙasa da shekara shida rairayin da ruwa ba ya kaiwa ya ishe su, da bokiti da cokali. Lambar 'yan kwana-kwana a Benin ita ce 118.